Garmani a Dutsen Muniyo

Shekara talatin ina hawan dutsen nan,
lauje a kafaɗa, igiya a ƙugu.
Na san inda kyasuwa ke fara ja,
na san lungun da gamba ke ɓuya in rani ya yi tsawo.
Dami shida a bayan jaki,
Gure ta saye, in dawo da gishiri da kanwa.

Ban san ranar da garmani ya iso ba.
Bai yi sallama ba.
Ganye mai laushi kamar kunnen ɗan akuya,
fure rawaya ƙanƙane, har na ce kyau gare shi.
Damina uku, ya cinye gangaren yamma.
Damina biyar, akuya ta hau, ta shinshina,
ta sauko da cikinta yadda ta kai shi.

Mu muka ce tumakin kudu suka kawo shi a gashi.
Na kudu suka ce iskar arewa ta zuba musu.
Bammi, mai ratsa mu da shanu sau biyu a shekara,
ya ce, ku duba kofaton kowa.

Bara waccan mun tuge namu har tafin hannu ya ɗaye.
Muka ƙona, muka yi murna da wuri.
Ruwan farko, ga shi ya dawo,
don bayan dutse ba wanda ya taɓa,
iri kuwa bai san sunan gari ba.

Sai aka kira taro a Damagaram.
Ni da Gaptiya mai tufka igiya muka bi motar kasuwa,
muka kwana gindin duwatsun Birni.
An zo daga Kutus, an zo daga Magariya,
daga Macina, ƙetaren iyaka,
wani dogo, Kiyari, ya zo da buhun irin ciyawa.
Yini guda, in ji shi, ya yi a shinge:
takardar buhu, takardar iri, hatimin takardar.
Gaptiya ta ce, shi garmani wa ya tambaye shi takarda?
Zaure ya ɗauka,
har mai rubutu ya ajiye alƙalami ya goge ido.

Harshe huɗu a tabarma guda,
Hausa, Barbarci, Fillanci, da na 'yan lakwal.
Abin da aka tsayar bai cika tafin hannu ba:
mako ɗaya, kowa a dutsensa,
kafin fure ya zama ƙwaya.
A tuge da saiwa, a watsa kyasuwa a gurbin,
a bar gangare ya huta damina biyu.

Nan murya ta tashi.
Bammi ya ce, damina biyu shanuna su ci me?
Alkawari?
Shiru ya yi tsawo, har muka ji kiran la'asar.
Nomau na Magariya ya sosa keya,
ya ce yana da kara da harawa, a bi ta wurinsa.
Ban sani ba ko zai isa.
Bammi ma bai sani ba. Ya miƙa hannu dai.

Ranar, tun asuba ina kan dutse.
Wayata ta yi ƙara, wadda layinta sai an hau tsauni.
Kiyari ne. Mun fara, ku fa?
Na ce masa, ka ji numfashina ai.
Yamma ta yi, Gaptiya na zaune kan tulin,
tana ɓare masa bawo.
Ka cinye mana kiwo, in ji ta,
yanzu kai za ka ɗaure akuyar.

Bana na hau bayan ruwa na uku.
A gangaren yamma, wuri kamar faɗin buzu,
kyasuwa ta tsiro, siririya, tana rawa.
Na daɗe a tsaye.
Gefenta, taki ɗaya,
ganye biyu masu laushi sun leƙo.

Na ajiye lauje. Na durƙusa.